Daga Fuskar Waya Zuwa Buhun Albasa: Yadda Aikin Aji Ke Koyar da Zanen Girafik a Jega, Aliero da Maiyama

A fuskar waya fostar ta yi kyau ƙwarai. Jan albasa yana ɗaukar ido, sunan ƙungiya ya zauna daram a sama, hoton babban baƙo ya fito tas. Aka tura ta WhatsApp zuwa shagon buga takardu, aka biya kuɗi, inji ya fara aiki. Abin da ya fito daban: jan ya dushe kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, fuskar babban baƙo ta farfashe, kalmar "ƙungiya" kuma ta koma "ungiya" da wani ɗan akwati a gabanta. Kuɗi sun tafi, taro kuma gobe ne.

Kusan duk matashin da ya fara zane da waya ya taɓa cin karo da irin wannan, a Jega yake ko a Kano. Kurakurai uku ne suka haɗu a takarda ɗaya: na launi, na girman hoto, da na haruffa. Kowanne yana da dalili, kuma gajeren bidiyon koyarwa na TikTok ba ya nuna su, domin shi a fuskar waya yake farawa, a nan kuma yake ƙarewa. Wurin da ake gano su da araha shi ne aji, ta hanyar aikin da ke da mai shi, da ranar miƙawa, da abokai masu dubawa, da takardar da za a riƙe a hannu a ƙarshe. A nan kuskure takarda ɗaya yake ci. A kasuwa kuwa yana cin kuɗin mutane da sunan mai zane.

Yankin da aikin zane ke jira

Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce tun ƙarni na 19, kuma har yau mahaɗa ce ga motocin da ke zuwa Sakkwato, Birnin Kebbi da Yawuri. Aliero ta yi suna da albasa a faɗin Najeriya, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. A Jega akwai kwalejin kimiyya da fasahar lafiya ta jiha. Maiyama tana kan hanyar kudu, ƙasar manoma ce. Tsakanin waɗannan garuruwa akwai ƙauyuka irin su Jandutsi, a ƙaramar hukumar Jega, inda wayar Android ta riga kwamfuta isa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana buƙatar zane kullum. Ƙungiyoyin ɗalibai suna neman fosta, kalanda da takardar shaida. Masu biki suna neman katin gayyata. Islamiyya tana da saukar karatu. Mai shagon gyaran waya yana son allon talla, mai yin zoɓo da kunun aya tana son sitika a kan gora, ɗan takara kuma ba ya rabuwa da fosta. Jihar ta ma ga abin da suna da buhu mai tambari ke yi wa amfanin gona: a Disamban 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice, haɗin gwiwar Legas da Kebbi, sunan kansa an haɗa shi ne daga farkon sunayen jihohin biyu. Shinkafar da a da ake aunawa a mudu ba tare da an san inda ta fito ba, ta shiga kasuwar Legas da sunanta a jikin buhu.

Aiki yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai karɓe shi ya kai shi har ƙarshe ba tare da an sake bugawa ba.

Aikin ɗalibi ba wasa ba ne

Tutar Najeriya ɗalibi ne ya zana ta. Michael Taiwo Akinkunmi yana karatu a Landan lokacin da ya shiga gasar da aka zaɓi zanensa a 1959, aka ba shi fam 100. A zanen da ya miƙa akwai jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasa suka cire ta, suka bar kore da fari kawai, ita ce aka ɗaga ranar 1 ga Oktoban 1960. Wato har zanen da ya ci gasa sai da wani ido ya rage masa wani abu.

Alamar kamfanin Nike ma ɗaliba ce ta yi ta, Carolyn Davidson ta jami'ar jihar Portland a Amurka, a 1971, kan dala 35. Sai a 1983 kamfanin ya ƙara mata da hannun jari. Canva da matasa ke amfani da ita yau ta samo asali ne daga aji: Melanie Perkins tana koya wa 'yan'uwanta ɗalibai manhajojin zane a birnin Perth na Ostareliya, ta ga yadda suke shan wahala kafin su iya ko da abu kaɗan. Ita da Cliff Obrecht suka fara da manhajar tsara littafin tunawa na 'yan makaranta a 2007, Canva ta fito a 2013.

A nan gida, Zariya ce misali. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarun da Turawa suka kawo, amma a zana da abin da aka gada a gida. Wannan ra'ayi ya dace da mai waya a Maiyama kamar yadda ya dace da mai fenti a Zariya.

Ga jerin ayyuka biyar da malamin kwamfuta a sakandare, ko ƙungiyar ɗalibai a jami'a, ko ma abokai shida da suka haɗa kansu, za su iya bi cikin zangon karatu ɗaya.

Aiki na farko: sanarwa da baƙi da fari kawai

Sabon mai zane yana son ya zuba duk abin da manhaja ta ba shi: launi bakwai, salon rubutu biyar, inuwa, ƙyalli da furanni a kowane lungu. Aikin farko yana ɗaure masa hannu. Za a ba kowa rubutu iri ɗaya, misali sanarwar ranar raba sakamako, a ce ya tsara ta da baƙi da fari, salon rubutu ɗaya, babu hoto.

Idan aka cire ado, tambaya ɗaya ce ta rage: me ido zai fara gani, me zai bi baya? Mene ne taron, yaushe, a ina. Ɗalibi zai gane cewa girman harafi, kaurinsa, da filin da aka bari babu komai su ne ke jan ido. Zai kuma koyi jera layuka a gefe ɗaya maimakon watsa su.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu. Mai rubutun Alƙur'ani da hannu yana sa baƙar tawada ga haruffa, ja ga wasulla, ruwan ɗorawa ga hamza. Kowane launi da aikinsa. Allon zayyana na mai sauka yana da iyaka, yana da tsakiya, gefe da gefe sun yi daidai. Kawo irin wannan allo cikin aji a kwatanta shi da fostar da aka cika da kwalliya yana koyar da tsari fiye da dogon bayani.

Aiki na biyu: ɓ, ɗ da ƙ

Haruffa masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, amma yawancin salon rubutun da ke cikin manhajojin zane an yi su ne don harsunan Turai. Idan salon bai ƙunshi harafin ba, ko dai ya fito a matsayin akwati, ko ya ɓace, ko manhaja ta aro shi daga wani salo ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙon da ya sa kayan wani gari. Masu zane da yawa sukan gudu daga matsalar ta hanyar cire lanƙwasar, sai "Maraba da baƙi" ta koma "Maraba da baki", "ƙasa" ta koma "kasa".

Aikin shi ne kowane ɗalibi ya gwada salon rubutu ashirin da wannan layi: ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ ₦. Alamar naira tana cikin gwajin domin ita ma takan ɓace. Wanda ya ci, a rubuta sunansa a jerin aji. Noto Sans da Noto Serif na Google, da Andika, Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, duk suna da waɗannan haruffa, kuma kyauta ne. PixelLab tana karɓar fayil ɗin salon rubutu da aka sauke daga waje. A Canva kuwa ɗora salon kai yana cikin tsarin masu biya, don haka a gwada waɗanda ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Maɓallan Gboard suna da Hausa, kunna ta kawai ake yi a saiti. Idan kwastoma daga Nijar yake, a tuna su suna rubuta ƴ inda ake rubuta 'y a Najeriya.

Ajami ma yana da wuri. SIL ta fitar da salon Alkalami da aka gina kan rubutun hannu irin na Kano, wanda ya fi kama da abin da mai karatun allo ya saba gani fiye da salon Larabcin jarida. Dattijon da ba ya karanta boko zai iya karanta sanarwa idan an ƙara masa layi biyu na ajami, muddin wanda ya iya ne ya duba rubutun.

Aiki na uku: tambarin mai albasa

A nan aji yake fita waje. Kowane rukuni na mutum uku zai nemi mai sana'a na gaske: dillalin albasa a Aliero, mai sayar da iri da taki a Maiyama, mai ƙulla yaji a Jega. Kafin a taɓa waya, za a zauna da shi da biro da takarda. Su wa ke saye a wurinsa? A ina tambarin zai fito, jikin buhu, rasit, ƙofar shago ko hoton WhatsApp? Wane suna aka san shi da shi? Nawa zai iya kashewa wajen bugawa? Amsoshin nan su ne takardar aiki, da ita za a auna zanen a ƙarshe.

Sai a zana siffofi goma da fensir kafin a zaɓi biyu a kai waya. Tambari mai kyau yana aiki da launi ɗaya, domin a bugun fenti da ake yi wa buhu da riga kowane ƙarin launi ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi. Yana kuma karantuwa idan an rage shi zuwa girman hatimi, yana shiga da'irar hoton WhatsApp ba tare da gefensa ya yanke ba.

Wannan aiki ne ke warware kurakuran fostar da aka fara da ita. Fuskar waya haske take fitarwa, tana haɗa launi daga ja, kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin bugawa tawada huɗu yake zubawa a kan takarda, tsarin CMYK. Akwai launukan da haske ke iya yi waɗanda tawada ba ta kaiwa, musamman shuɗi mai ƙyalli, kore mai walƙiya, da jan da ya karkata zuwa shunayya irin na ɓawon albasa. Maganin shi ne bugun gwaji: ƙaramar takarda ɗauke da akwatuna takwas na jan daban-daban, a buga a injin da za a yi aikin da shi, a zaɓa daga takardar.

Farfashewar hoto kuwa lissafi ne. Bugu mai kyau da za a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 tana da milimita 210 da 297, wato fiksel 2480 da 3508. Hoton da aka yi don sitatus yana da faɗin fiksel 1080, wanda a wannan ma'auni kimanin santimita 9 ne kawai. Idan aka ja shi ya cika fosta, dole ya fashe. Babban allon talla da ake kallo daga nesa yana iya ɗaukar ƙasa da ɗigo 300, amma tun farko ake saita girman aiki kafin a fara. WhatsApp kuma yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, don haka a tura shi a matsayin dokumen, zai fi kyau ma a PDF. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kada a kai rubutu bakin takarda.

Akwai bambancin da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun yanzu. Fayil ɗin JPG da PNG tarin ɗigo ne, suna lalacewa idan an ƙara girmansu. Zanen bekta, irin na SVG ko na CorelDRAW, layuka ne da kwamfuta ke lissafawa, ana iya kai shi girman bango bai canza ba. Shagunan buga takardu da yawa a Najeriya da CorelDRAW suke aiki. Rana ɗaya da aji zai yi a irin wannan shago, yana kallon yadda ake buɗe fayil ana mayar da rubutu zane don kada haruffa su sauya, ta fi mako guda na kallon bidiyo.

Aiki na huɗu: fostar da za a gwada a ƙauye

Tambari yana neman a tuna shi. Fostar lafiya tana neman a fahimce ta, kuma kuskure a cikinta na iya cutar da mutum. Za a zaɓi saƙo ɗaya tak: kwana cikin gidan sauro, ko wanke hannu lokacin amai da gudawa, ko zuwa awon ciki. Ba mai zane ke ƙirƙirar bayanin ba, ma'aikacin lafiya ne zai ba da shi ya kuma duba shi kafin bugawa. Wannan dama ce ta haɗa ɗalibin lafiya a Jega da mai zane a Aliero a kan aiki ɗaya, kowa ya kawo abin da ya sani.

Gwajin shi ne zuciyar aikin. A buga kwafi ɗaya a kai shi inda aka yi shi dominsa, a ce Jandutsi. A nuna wa mutum goma, maza da mata, manya da yara, na daƙiƙa biyar, ba tare da an yi bayani ba, sannan a tambaya: me takardar take cewa? Abin da za a ji yakan ba da mamaki. Hoton iyalin da aka sauke daga intanet, da irin tufafinsu da gadonsu, yana sa mai kallo ya ɗauka saƙon na wasu ne can. Alamar da ɗan birni ya saba da ita ba lallai ta ce komai ga wanda bai taɓa ganinta ba. Harshe ma haka: Hausar yamma tana cewa "mi" inda Kano ke cewa "me", tana da kalmominta, kuma jimlar da aka fassaro daga Turanci takan yi nauyi a kunne ko'ina. Idan bakwai cikin goma ba su gane ba, laifin na zanen ne, a koma a gyara.

A nan ake koyon bambancin haske da duhu. Rubutu ruwan ɗorawa a kan fari yana ɓacewa a rana. Ja a kan kore yana wahalar da masu matsalar rarrabe launi, waɗanda suka fi yawa a cikin maza. Dabara mai sauƙi ita ce a mayar da zanen baƙi da fari a waya: idan rubutun bai fito ba, launin bai yi ba.

Aiki na biyar: zanen hannu a kan waya

Wannan na masu son zane zalla ne. Manhajar ibisPaint tana ba da damar yin zane da yatsa ko da alƙalamin taɓa fuska mai araha, a kan shimfiɗu da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya: ta farko zanen gwaji, ta biyu layi, ta uku launi, ta huɗu inuwa. Idan launi ya ɓaci, shi kaɗai ake gogewa.

Kayan aikin suna gida. Kowane ɗalibi zai ɗauki hoton abu ɗaya: dagi a bangon soro, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zanen hula, sassaƙar ƙwarya, saƙar faifai ko tabarma. Zai bi layukansa, ya rage su zuwa siffa mafi sauƙi, sannan ya maimaita ta ta zama zanen da za a iya sa wa katin biki ko takardar naɗe kaya. Ya kuma tambayi mai sana'ar sunan zanen da inda ya koya, ya rubuta a ƙasan aikinsa. Samfuran Canva na kowa ne, mai zane a Legas da na Indiya duk su suke buɗewa. Zanen hular kakan ɗalibi kuwa ba ya cikin kowace manhaja sai ya sa shi.

Zaman tankaɗe da rairaya

Abin da aji ke da shi wanda mai koyo shi kaɗai ba shi da shi shi ne idon wasu. Bayan kowane aiki a manna duk takardun a bango. Mai aikin zai karanta takardar aikinsa, ya yi shiru. Sauran su faɗi abin da suka fara gani, abin da ya ruɗe su, da gyara ɗaya da suke ba da shawara. "Ya yi kyau" da "bai yi ba" ba su da wuri, sai an faɗi dalili. Magana a kan takarda take, ba a kan mai ita ba, kuma malami ya tabbatar ɗalibai mata da masu kunya sun sami bakin magana.

Sai a ba da kwana uku a sake. A ajiye na farko da na biyu gefe da gefe, a ba da maki a kan tazarar da ke tsakaninsu. Wanda ya saba da wannan ba zai ɓata rai ba ranar da Alhaji mai shago ya dubi aikinsa ya ce, "Yaro, lambar wayar ta yi ƙanƙanta, kuma wannan furen na mene ne?"

Caji, data da wayar da ke hannu

Ba a buƙatar sabuwar waya. PixelLab da ibisPaint suna aiki ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Canva tana son data, don haka a tara aikinta a yi shi lokaci ɗaya. Tana kuma da tsarin kyauta ga malamai da ɗaliban firamare da sakandare da suka cika sharuɗɗanta. Photopea tana buɗewa a burauza, tana karanta fayil ɗin Photoshop. Inda makaranta ke da kwamfuta, Inkscape, GIMP da Krita kyauta ne. Waya ɗaya tana isar mutum uku idan an fara da fensir, domin rabin aikin tunani ne da ba ya cin batir.

Abu biyu za a kiyaye. Manhajojin da aka fasa ake rabawa a zaurukan WhatsApp da Telegram da sunan an buɗe komai kyauta suna iya zuwa da abin da zai saci bayanai, a wayar da manhajar banki ke ciki. Sannan a riƙa ajiye kwafin aiki a Google Drive ko a katin memori. Waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Ƙirƙirarriyar basira da amana

Yanzu manhaja tana iya fito da hoto daga jimla ɗaya, kuma wanda iyakar gwanintarsa ita ce canza suna a shiryayyen samfuri shi ne ta fara ture wa kasuwa. Amma ba ita za ta zauna da dillalin albasa ba, ba ita za ta kai takarda Jandutsi ta saurari abin da tsohuwa ta gane ba, kuma rubutun Hausa a hotunanta yana bukatar a duba shi harafi bayan harafi. Dokar aji mai sauƙi ita ce a yi amfani da ita wajen neman tunani, a bayyana inda aka yi haka, kada kuma a miƙa abin da ta fitar a matsayin zanen hannu.

Hoton da aka gani a Google yana da mai shi, kuma Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Hoton mutum, musamman mace ko yaro, ba a sa shi a fosta sai da izini. Lambar NAFDAC ba ado ba ce da za a ƙirƙira a sitika. Hannun da ya iya tsara rasit zai iya ƙirƙirar rasit ɗin banki na bogi ko ya haɗa hoton ƙarya na wani, kuma za a zo masa da irin wannan buƙata, musamman lokacin siyasa. Gara ya saba cewa a'a tun yana aji.

Abin da zai rage a hannu

A ƙarshen zango ɗalibi zai fita da ayyuka biyar, kowanne da takardar aikinsa, zanen fensir, bugun farko, gyara, da hoton aikin a inda yake amfani: tambari a jikin buhu, fosta a bangon asibitin ƙauye. Wannan kundi shi ake nuna wa mai shagon buga takardu idan ana neman gurbin SIWES, shi ake nuna wa kwastoma. Zai kuma taimaka wa mai son shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, wanda cikin fannoninsa akwai tsara fuskar manhajoji da zane mai motsi.

Labarin dala 35 ma yana da darasi. Kafin a fara aikin kuɗi a rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne, abin da za a yi, farashi, kafin alƙalami, sau nawa za a yi gyara, da wanda zai ɗauki kuɗin bugawa.

Farawa ba ta jiran ɗakin kwamfuta ko izinin hukuma. Abokai shida, waya biyu, ranar haɗuwa ɗaya a mako, da mai sana'a ɗaya a unguwa da ya yarda a yi masa tambari, sun isa a buɗe aji. Aikin makon farko shi ne sanarwar nan ta baƙi da fari, kuma kuɗinta bai wuce na fotokwafi ɗaya ba.